Mita Shida a Rami na Talatin da Ɗaya

Ranar Litinin da safe aka gano agogon tashar gabas yana ƙarya, kuma ya yi sati goma sha ɗaya yana sheƙa ta babu wanda ya lura.

Ba agogon bango ba ne, balle a ce a sauya masa batir a huta. Kamfanin yana da tashoshi biyu, babba da ta gabas, kilomita goma sha huɗu a tsakaninsu, an haɗa su da zaren gilashi a ƙarƙashin titi. Ta cikin zaren ake tura haske ƙwaya ɗaya-ɗaya, da shi ake ƙulla makullin sirrin saƙonnin kotuna da asibitoci. Injiniyoyi suna ce masa sadarwar kwantam. Ma'aikatan rami kuwa layin shagwaɓa suke ce masa, don ko tari ka yi kusa da shi sai ya kai ƙara.

Kowace ƙwayar haske da lokacin isowarta. Tashar da ke karɓa takan buɗe mata 'yar ƙofa, ta rufe nan take. In agogo ya kauce, ƙofar za ta buɗe a lokacin da bai dace ba, ɓarawo ya samu inda zai cusa nasa hasken ya saurari sirrin mutane. Shi ya sa zaren biyu ne, na zuwa da na dawowa: babbar tasha ta aika haske, ta gabas ta mayar, a raba lokacin tafiyar gida biyu, a saita agogo. Lissafin duka a kan abu ɗaya ya tsaya, wato zaren biyu tsawonsu ɗaya. Duk wata uku akan ɗauko wani agogo a akwati daga babbar tasha a gwada da na gabas, kuma wannan gwajin ne ya tona asiri.

Kafin ƙarfe goma kowa ya zama alƙali. Masu gadi suka ce dama sun sha ganin take-take. Mai shara ta ce ita tun ranar da ta ga ana rufe ƙofa da rana ta san da wata a ƙasa. Duk idanu suka koma kan mace ɗaya, injiniyar da ke kula da agogon gabas, wadda ake kira Uwar Agogo. Ita kaɗai ke da izinin taɓa shi, kuma na'ura ta nuna sau biyu ta faɗaɗa ƙofar nan da hannunta. Ta ce ta yi ne don kurakurai sun yi yawa, layi na neman tsayawa. Jami'in tsaron da aka turo ya rubuta maganarta yana murmushin da ba ya nufin alheri.

Manaja ya aika aka kira Na-Ƙasa.

Na-Ƙasa shi ne mai bin sawun layi. Shekara goma sha tara yana tafiya a kan hanyar wayar nan, kansa a sunkuye, har abokan aiki suka ce ko matarsa ta takalminta yake gane ta. Ya san kowane murfin rami, ya san bambancin ƙasar da aka tona jiya da wadda aka tona bara.

"Ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya za su kai ta kotu," in ji Manaja. "In wani ya taɓa layi daga waje, ka nemo mini shi. In ba a taɓa ba, to aikin na ciki ne, ita ce ke nan. Tana da jaririya 'yar wata biyar, Na-Ƙasa. Ba na son in yi zalunci."

"In Allah ya so, yallaɓai."

Ya shiga ɗakin wayoyi shi kaɗai da na'urarsa mai harba haske a zare ta saurari amsa-kuwa. Ya harba a zaren zuwa, lafiya lau. Ya harba a na dawowa, sai ga haɗi biyu kusa da juna inda ya kamata a ga ɗaya, da ƙarin mita shida a tsakaninsu. Ya duba nisan wurin. Kilomita tara da mita ɗari huɗu, rami na talatin da ɗaya.

Ya nemi kujera ya zauna.

Ya san ramin sarai. Sati goma sha ɗaya da suka wuce katafilar masu gyaran titi ta tsinke layin a nan. Wanda ya haɗa shi kuwa Baba Mai Haɗi ne, tsohon da ya koya masa aiki tun bai san riƙe filaya ba, ya kuma ba shi 'yarsa aure. Ka'ida ta ce bayan kowane haɗi mai bin sawu ya auna zaren biyu ya sa hannu. Ranar nan Baba ya daɗe a rami fiye da yadda ya saba, ya fito yana goge ido, ya ce, "Na gama, ɗana, lafiya lau." Mutane na tsaye suna kallo. Na-Ƙasa ya ga in ya ɗauko na'ura a gabansu tamkar ya ce wa surukinsa ban yarda da kai ba. Sai ya jingina takarda a bayan mota, ya rubuta an auna, tsawo daidai, ya sa hannu.

Ya kashe na'urar ya koma wurin Manaja. "Yallaɓai, amsar ba ta fito sosai ba. Sai na taka da ƙafa."

Da la'asar aka tafi da Uwar Agogo, yana tsaye a harabar.

*

Ya gaya wa kansa ba ƙarya ya yi ba. Wata biyu da rabi lokaci ne mai tsawo, wa ya sani ko wani ya buɗe ramin bayan Baba ya ƙara mita shidan? Da wannan ya lallashi zuciyarsa. Amma mai neman gaskiya da ya san ramin talatin da ɗaya ai can zai nufa kai tsaye. Shi kuwa ranar Talata sai ya fara daga rami na ɗaya, yana ɗaga murfi yana leƙawa kamar mai neman allura.

Da tsakar rana ya ratse wurin direban katafilar, ya same shi a ƙarƙashin inuwar motarsa yana cin abinci.

"Ni kuma?" in ji direban, cokali a hannu. "Malam, tun ranar da na tsinke muku wayar nan aka ɗauke ni daga titin. Ogana ya zage ni har kakata da ta mutu ta samu rabonta. Yanzu ko igiyar shanya na gani a ƙasa sai na sauko na gaishe ta."

"Ba ka koma wajen ba?"

"In koma in yi me? In ba ta haƙuri?"

Na-Ƙasa ya duba takardar aikinsu, ya ga gaskiya ne, an mayar da su wata unguwa tun washegari. Ya ji haushin gaskiyar mutumin, sannan ya ji kunyar haushin da ya ji.

Daga nan ya wuce shagon mijin Uwar Agogo, mai gyaran wayoyin hannu, don jami'in tsaro ya ce a leƙa shi. Shagon ɗan ƙarami ne, teburi ɗaya da fitila mai lanƙwasa da gwangwanayen ƙananan kusoshi. Mijin ya tashi da sauri ya ba shi kujerarsa.

"Yaya Na-Ƙasa, gara da aka ba ka aikin nan. Ita ma ta ce in dai kai ne, gaskiya za ta fito."

"An ce kana da na'urar haɗa zare."

"Ni? Ga shagon nan, ka juye shi. Abin da na iya shi ne sauya gilashin waya da cire ruwa in ta faɗa bokiti." Ya murza idanunsa. "Ka tuna wata biyu da suka wuce ta kira ka ta tambaya ko an taɓa layi? A gabana ta kira. Ka ce mata takardu sun nuna komai daidai. Da ta san wani mugu zai shiga tsakani, da ba ta taɓa ƙofar nan ba."

Na-Ƙasa ya tuna. Yana kan babur ta kira, ya amsa mata a gurguje. Ya miƙe ya ce yana sauri, ya bar ruwan da aka zuba masa bai sha ba.

*

Da yamma ya tarar da matarsa ta dawo daga gidan Uwar Agogo, gyalenta ma ba ta cire ba. Ta ajiye masa abinci ta zauna a hannun kujera.

"Baban 'yan biyu, da ka ga yarinyar nan da ka yi hawaye. Ta ƙi kwalba, ta ƙi cokali, muryarta har ta dushe. Kakarta ta kai ta inda ake tsare da uwar sau biyu don a bar ta ta ba ta nono, suka ce ba a shiga da yara."

Ya tura cokali cikin shinkafa bai ɗago ba.

"Wallahi duk wanda ya jawo wannan, Allah ya tona masa asiri a tsakiyar kasuwa. Ka ce amin mana."

"Amin."

"Kai da Baba kun san layin nan kamar tafin hannunku. Ka je ka tambaye shi, ko ya ba ka shawara. Wata huɗu ya rage masa ya ajiye aiki, amma kansa na nan garau." Ta dube shi. "Gishiri ya yi yawa ne?"

"A'a, na ƙoshi ne."

"Cokali uku? Ko ka fara cin abinci a waje ne in sani?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya tashi ya fita tsakar gida wai zai duba tayar babur.

*

Ranar Laraba ramuka suka ƙare masa, ya iso na talatin da ɗaya. Yana bakin titi, gaban rumfar wani mai faci da ya shekara goma a wurin.

"Na ga mutane, ƙwarai kuwa," in ji mai facin, yana danna tiyub cikin ruwa. "Su biyu, da rigunan nan masu walƙiya. Sati uku ke nan. Suka ɗaga murfi, ɗaya ya shiga, ya daɗe."

Zuciyar Na-Ƙasa ta buga da murna, murnar da bai taɓa jin mai ƙazanta irinta ba. "Wane murfin? Nuna mini da hannunka."

Mai facin ya taso yana goge hannu a wando, ya wuce murfin kamfanin, ya taka wani mai zagaye da ke gaba da taku biyar. "Wannan."

"Wannan ai na masu ruwan famfo ne."

"To ni ina na sani? Rami dai rami ne. Wancan naku tun ranar da tsohon nan ya shiga ban ga an ɗaga shi ba. Ranar har ruwa na miƙa masa, ya fito ya shiga sau uku yana cewa ido ya tsufa."

Na-Ƙasa ya durƙusa a bakin murfin. Ciyawa ta tsiro a tsagar gefensa, saiwarta ta kama ƙarfe da siminti. Ya sa ƙarfe ya ɗaga, ya sauka da tocila.

Akwatin haɗin na manne a bango. A kan bakin murfinsa, daidai inda yake buɗewa, zanzaro ya gina gidansa na laka, rabi a kan murfi rabi a jikin akwati. Lakar ta bushe ta yi fari, kowane ɗaki da hudarsa, 'ya'yan sun girma sun fita tuntuni. Ko tsaga babu a jikinsa. Da wani ya buɗe akwatin nan cikin wata biyu, da gidan ya rabe biyu.

Ya ɗauki hoto, sannan ya fasa gidan da babban yatsa ya buɗe. Ga mita shidan nan, an naɗe su zagaye mai kyau, an ɗaure da tsinken robar tiyub, zagaye uku a soke bakin ta ƙasa. Kowa a kamfanin da maɗaurin roba na kanti yake ɗauri. Mutum ɗaya ne ya ce na kanti yana matse gilashi, kuma shi ya koya wa Na-Ƙasa wannan ɗaurin da hannunsa.

Ya daɗe a tsugune a ramin, har mai facin ya leƙo ya tambaya ko maciji ne.

Ya biya gidan Baba da yamma da niyyar magana. Ya same shi a kan tabarma, ya kai takardar magani dab da hancinsa yana ƙoƙarin karantawa. Da ya ji sallama sai ya tura ta ƙarƙashin matashi.

"Ɗana, an samu ɓarawon?"

"Ana kan nema, Baba."

"Ka nemo shi. Yarinyar nan tana gaishe ni har ƙasa."

Na-Ƙasa ya gaishe da surukarsa, ya sha ruwa, ya tafi da maganarsa a ciki.

*

Ranar Alhamis ƙarfe tara aka taru a ɗakin taro na babbar tasha. Manaja a kan teburi, jami'in tsaro a gefensa da fayil. Aka zaunar da direban katafila, da mijin Uwar Agogo, da masu haɗi uku har da Baba. Aka shigo da ita daga ƙarshe. Kayan ranar Litinin ne a jikinta, ta rungume jaka a ƙirji don ta rufe inda rigar ta jiƙe.

Jami'in ya fara. Ya ce matar tana da izini, mijin yana da sanin wayoyi, abin da ya rage kawai a san wa ya saye su. Mijin ya yunƙura zai tashi, Manaja ya ɗaga masa hannu.

"Na-Ƙasa, me ka samo?"

Hanya a buɗe take. Yana iya cewa wasu mutum biyu masu riguna masu walƙiya sun shiga rami, ga mai faci shaida. Da an saki matar, an bar tsoho, an shiga neman mutanen da ba za a taɓa samu ba. Tun safe yake juya wannan maganar a bakinsa. Amma ya san jami'in zai ce to wa ya gaya musu ramin da za su shiga, ya sake juyowa kanta.

Ya zaro hoton da ya sa aka wanke babba, ya ajiye a tsakiyar teburi. "An ƙara mita shida a zaren dawowa, a rami na talatin da ɗaya. Shi ya sa agogo ya kauce. Wannan gidan zanzaron ya nuna ba a buɗe akwatin ba tun ranar gyara. Ga abin da ke ciki."

Ya ajiye hoto na biyu. Aka miƙa shi hannu zuwa hannu. Da ya iso wurin Baba, ya kai shi dab da ido, fuskarsa ta washe.

"Wannan ai ɗaurina ne," ya ce, har da ɗan alfahari. "Zaren ya karye mini sau uku, ya gajarce, sai na yi masa ƙari. Na bar rara kuma, yadda aka koya mana, don na baya ya samu abin kamawa in ya sake tsinkewa. Mita shida ce fa kawai. Haske ne, me zai ji a mita shida?"

Baba ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Uwar Agogo ya tsaya. A hankali ya ajiye hoton.

"'Yata," ya ce. "Saboda wannan ne?"

"To, mun samu mai laifi," in ji jami'in, yana buɗe alƙalami.

"Ba shi ba ne." Na-Ƙasa ya zaro takardar gyaran daga aljihu, ya warware ta. "Baba a kan layin tarho ya koyi aiki, inda rara alheri ce. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa wannan layin dabam ne. Don haka aka ce in auna bayansa. Ga inda na rubuta na auna. Yallaɓai, ban auna ba. Ko na'urar ban fitar daga mota ba."

Manaja ya karanta takardar sau biyu, kamar zai ga ta sauya. Sannan ya miƙa hannu, Na-Ƙasa ya ciro katin aikinsa daga wuya ya ba shi. Jami'in ya rufe fayil ɗin matar, ya buɗe sabo, ya ce wa Na-Ƙasa kada ya bar gari. Baba ya sa hula a fuska. Ba wanda ya iya kallonsa.

*

A baranda Uwar Agogo ta same shi. Mijinta ya riga ya fita da gudu ya kira kakar, wadda tun safe take bakin ƙofa da yarinyar a baya.

"Yaya Na-Ƙasa."

"Malama, ki yafe mini."

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Yaushe ka gane?"

"Jiya na buɗe ramin."

"Ban ce yaushe ka buɗe ba. Ni ma na san na'urar nan, minti biyar take ɗauka."

Ya dubi ƙasa, inda ya saba dubawa, bai samu komai a wurin ba. "Litinin."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen biyu."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ƙarfe huɗu suka sa ni a mota. Ina kallonka ta gilashi, ka ɗaga mini hannu. Na ce wa kaina, tunda Yaya na nan, ba zan kwana ba."

Ba ta jira amsa ba, don kakar ta shigo tana kwance goyo. Uwar Agogo ta yar da jakar ta miƙa hannu biyu tana kiran 'yarta da sunan wasan da take kiranta. Yarinyar ta rame, idanunta sun faɗa. Ta dubi uwar na ɗan lokaci, sai ta juya ta cusa fuska a wuyan kakarta, ta buɗe baki tana kuka, amma murya ba ta fita.

"Ni ce," in ji uwar. "Ni ce mana."

Na-Ƙasa na tsaye taku uku daga wurin. Hanyar fita ɗaya ce, kuma sai ya bi ta gabansu.